Daga Juji Zuwa Sikeli: Sharar 'Yan Kasuwa a Gwiwa da Kewayenta

Sharar da 'yan kasuwa da masu sana'a ke fitarwa a garuruwan arewa maso yammacin Jigawa, wato Gwiwa da Roni da Kazaure da Babura, iri uku ce idan aka bi sawunta zuwa inda take ƙarewa. Akwai mai ruɓewa ta koma ƙasa, irin su ragowar abinci da kashin dabbobi da toka da ɓawon gyaɗa. Akwai mai kuɗi, wadda ake ɗorawa a sikeli, irin su ƙarfe da alminiyom da fasasshiyar roba. Akwai kuma wadda ba ta ruɓewa kuma ba ta da mai saye a kusa, ko kuwa tana ɗauke da guba: leda, baƙin mai, mataccen batir, allurar da aka yi aiki da ita. Kowace da hanyarta. Ɓarna tana farawa ne daga lokacin da yaron shago ya share su gaba ɗaya, ya zuba a kwali ɗaya, ya kai bola. Daga nan mai ruɓewar ta gurɓace, mai kuɗin ta yi datti farashinta ya faɗi, mai gubar kuma ta bazu a cikin sauran.

Gwiwa ƙaramar hukuma ce a masarautar Kazaure, tare da Kazaure da Roni da 'Yankwashi, kuma tana iyaka da Jihar Katsina. Babura, wadda ke masarautar Ringim, ta yi iyaka da Jamhuriyar Nijar. Ƙasar noma ce da kiwo: gero, dawa, gyaɗa, wake, riɗi, ga awaki da tumaki kusan a kowane gida. Kasuwancin garuruwan nan ƙanana ne amma masu yawa. Akwai mai tireda da mai shayi da mai abinci, akwai mahauci da tela da kafinta, bakanike da mai faci da mai walda, kemis da mai cajin waya da mai injin niƙa. Babu ɗaya daga cikinsu da ke fitar da sharar da za ta cika tifa a rana, amma idan kasuwa ta ci ta watse, abin da aka bari a fili ya isa ya nuna girman lamarin.

Kafin zuwan leda

Ƙasar Hausa ta daɗe da tsarinta na sarrafa shara, kuma tsari ne mai hankali. Juji dukiya ce a wurin manomi. Duk abin da aka share daga tsakar gida da turke da rumfar kasuwa a nan ake tara shi, ya sha rana da raɓa, ya ruɓe, kafin faɗuwar damina a kwashe shi a mangala a kai gona. Binciken da masanin ƙasa Michael Mortimore ya yi a karkarar Kano tun shekarun 1960 ya nuna yadda jakuna ke shiga birni da itace su fito da taki, da kuma yadda wannan ya taimaka wa gonakin kewayen birnin suka jure noma shekara da shekaru ba tare da an bar su sun huta ba. Daga baya tifa ta karɓi aikin jaki, manoma suka riƙa biyan direbobi su juye musu sharar gari a gona. A ƙasa mai jigawa da rairayi, wadda ba ta riƙe ruwa ko sinadari, wannan taki shi ne ran gona.

Abin da ya sa tsarin ya yi aiki shi ne kusan duk kayan da ake ciniki da su daga ƙasa suka fito. Ƙwarya da faifai da kwando da tabarma da igiyar kaba duk suna ruɓewa. Ana ƙunshe goro da daddawa a ganye, ana zuba mai a kwalbar da mai saye ya zo da ita. Abin da ba ya ruɓewa kuwa ba a yar da shi: gwangwanin madara ya zama fitilar aci-balbal ko ma'auni, tsohuwar taya ta zama takalmi, tsohon tub ya zama guga.

Leda ce ta karya wannan tsari. Baƙar leda ta shigo kasuwa da arha har mai kaya ya ɗauke ta a matsayin kyauta, daga shekarun 1990 kuma ruwan leda ya bazu ko'ina, ƙunshi ashirin a jaka ɗaya. Yau barkonon naira hamsin a leda yake, man ja a leda, koko da ƙosai a leda, sannan a haɗa su duka a wata ledar. Ana yin amfani da ita na 'yan mintoci, ta zauna a ƙasa shekaru masu yawa. Ƙididdigar da aka fi ambata ta ce Najeriya na fitar da sharar roba kimanin tan miliyan 2.5 a shekara, kuma rahoton ƙungiyar OECD na 2022 ya ce kashi 9 cikin ɗari kacal na sharar robar duniya ake sake sarrafawa.

Illar ta fi bayyana a wurare uku da duk ɗan yankin ya sani. Na farko gona: manomin da ya sayi sharar kasuwa sai ya tarar da leda da fasassun kwalabe sun cika kunya, fartanya na kamo su, iska na rataya su a jikin ƙaya. Na biyu cikin dabba. Akuya da saniyar da ke kiwo a bola suna haɗiye ledar da ke da gishiri ko ɗanɗanon abinci, ledar ta dunƙule a tumbi, dabbar ta riƙa ramewa alhali tana ci, wani lokaci ta mutu. Mahauta sun saba fito da irin wannan curi idan suka farke tumbi, kuma asarar tana kan mai kiwo, wanda sau da yawa mace ce da akuyar nan ce jarinta. Na uku magudanar ruwa. Leda ke toshe kwalbati da lambatu, ruwan sama ya rasa hanya ya koma cikin shaguna da gidajen ƙasa, wanda ya kwanta kuma ya haifi sauro. Jigawa na cikin jihohin da ambaliyar 2022 ta fi yi wa ɓarna, tana kuma cikin waɗanda annobar amai da gudawa ta 2021 ta fi kamawa. Waɗannan masifu suna da dalilai manya da suka wuce shara, amma toshewar magudana da bola a bakin rumfar mai abinci suna ƙara musu ƙarfi.

Da bola ta yi tsayi, abin da aka saba shi ne a cinna mata wuta. Wannan yana rage tulin a ido, amma yana mayar da shi hayaƙin da jama'a ke shaƙa. Ƙona roba a fili yana fitar da sinadarai masu cutar da huhu, wasunsu ma an tabbatar suna jawo sankara. Haka yake ga kunna gawayi da leda, da babbake kai da ƙafa da tsohuwar taya kamar yadda ake yi a wasu mayanku. Wutar kuma tana cinye ɓangaren da zai zama taki, ga haɗarin gobara a lokacin hunturu.

Abin da ke hawa sikeli

Sake sarrafa shara ba baƙon abu ba ne a yankin nan, domin 'yan gwangwan da 'yan bola-jari sun daɗe suna yin sa. Yaro mai buhu da maganaɗisu, ko mai tura kura yana zagaya unguwa yana musayar tsohon ƙarfe da kuɗi ko da sabuwar roba, shi ne matakin farko na wata doguwar sarƙa. Shi ke kai wa ƙaramin dila mai sikeli a bakin hanya, dila ya tara ya loda wa mota zuwa Kano, daga can kayan su rabu: ƙarfe ya tafi masana'antun da ke narka shi su yi rodi, roba ta shiga injinan da ke unguwannin masana'antu irin su Sharaɗa da Challawa da Bompai. Dillalan suna da ƙungiya ta ƙasa da ake kira NASWDEN.

Wurin dila makaranta ce ga mai son fahimtar lamarin. Kafin a ɗora komai a sikeli sai an ware shi. Ana manna maganaɗisu: abin da ya kama ƙarfe ne, abin da bai kama ba a duba ko alminiyom ne ko jar waya, wadda ta fi kowanne tsada. Ana ware roba bisa taurinta da launinta, fasasshen bokiti da kujera a gefe guda, jarka a gefe guda, gorar ruwa da ta lemo a gefe guda, tsofaffin silifa su ma da nasu tulin. Kayan da suka zo da laka ko jiƙe ana rage musu nauyi a lissafi, wani lokaci a ƙi saye. A masana'anta ana niƙa robar, a wanke, a busar, a narka ta koma ƙwayoyi kamar tsaba, daga nan a zuba buta da baho da bokiti, waɗanda za su dawo a baje su a kasuwannin Kazaure da Gwiwa. Alminiyom kuwa ko a gida ana cin moriyarsa: maƙeran tukwane suna narka gwangwanin lemo da tsofaffin kayan inji su zuba a ramin yashi, tukunya ta fito. Narka tsohon alminiyom yana cin kimanin kashi 5 cikin ɗari ne kawai na makamashin da ake buƙata wajen samar da sabo daga ma'adini, shi ya sa ba a ganin gwangwaninsa yashe a ƙasa.

Wannan sana'a tana da tabonta. Saboda ƙarfe na da kuɗi, ɓata-gari na kwance wayoyin wuta da ƙarafan gada da kayan rijiyar burtsatse su kai sikeli. A 2023 gwamnatin Borno ta haramta sana'ar tsintar ƙarafa saboda dalilan tsaro. Sai dai korar masu sana'ar gaba ɗaya na nufin rufe hanya guda da ke rage bola ba tare da hukuma ta kashe ko kwabo ba. Abin da ya fi dacewa shi ne rajista, da katin shaida, da tilasta wa dila rubuta sunan wanda ya kawo kayan da ake shakka a kai. Akwai kuma batun ƙananan yara da ke tonon bola ba takalmi ba safar hannu, a lokacin da ya kamata suna makaranta. Shagon da ya ware kayansa ya sayar wa dila kai tsaye ya rage wa waɗannan yara dalilin shiga cikin ƙazanta.

Wahalar da ta fi shafar gari kamar Gwiwa ita ce nisa. Ƙarfe yana da nauyi, don haka yana biyan kuɗin motarsa. Gorar roba da ledar ruwa kuwa iska ce ta fi yawa a cikinsu: a cika a-kori-kura taf, a hau sikeli a ga abin da aka samu bai kai kuɗin man zuwa Kano ba, musamman tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023. Wannan shi ne ainihin dalilin da ya sa leda ke yawo a titi alhali ƙusa ɗaya ba ta kwana a ƙasa. Maganinsa tarawa ne da matsewa. Idan ƙungiyar 'yan kasuwa ta ware rumfa guda mai rufi, kowane shago ya riƙa kawo gorunansa a take da ledarsa a bushe, aka ɗaure su dam a manyan buhuna, sai kaya su yi nauyin da dila zai turo mota da kansa. Motocin da ke kawo kaya daga Kano ranar kasuwa ma sukan koma da sarari, kuma cika wannan sarari ya fi ɗaukar shata arha. Mai shago ɗaya ba zai iya wannan ba, amma kasuwa guda za ta iya.

Akwai kuma amfanin da ake yi da roba a inda take. A ƙauyen Sabon Yelwa da ke Jihar Kaduna, a 2011, an gina gida da gorunan roba da aka ɗura wa yashi. A wurare da dama ana narka ledar ruwa a cakuɗa da yashi a buga tubalin daɓe. Wannan na biyun yana buƙatar kulawa, domin narka leda a buɗaɗɗen ganga yana jefa mai aikin cikin hayaƙin da ake gudu.

Mayar da juji hannun manomi

Kaso mafi girma na sharar garuruwa irin waɗannan mai ruɓewa ce. Rahoton Bankin Duniya na 2018 kan shara ya nuna cewa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi fiye da rabin shara ragowar abinci ce da ganyayyaki. A garin noma, inda tsadar takin zamani ke hana manomi barci, wannan kaso shi ne ya fi saurin komawa kuɗi, kuma ba ya buƙatar tafiya Kano.

Aikin ba shi da wuya. Ana haƙa rami ko a keɓe fili a ƙarƙashin inuwa, nesa da rijiya. A shimfiɗa busasshen abu a ƙasa, kamar kara ko ɓuntun shinkafa ko ɓawon gyaɗa ko dusar katako daga wurin kafinta. A bi da ɗanyen abu: ruɓaɓɓen tumatir da albasa, ɓawon kankana da lemo, ganyen shayin da aka tace, kashin dabbobi daga kara, da abin da mahauta ke zubarwa daga tumbi. A yayyafa toka kaɗan da ruwa, a sake hawa wani layin, har tulin ya kai ƙugun mutum. Laimar da ake so ita ce wadda idan aka damƙi takin zai dunƙule ba tare da ruwa ya ɗiga ba. Cikin 'yan kwanaki tsakiyar tulin za ta ɗauki zafi har hannu ya ji, kuma wannan zafi ne ke kashe ƙwayoyin cuta da irin ciyawa. Ana juya shi duk bayan mako biyu ko uku don iska ta shiga. Cikin wata biyu zuwa uku sai ya yi baƙi, ya yi laushi, warin ya tafi. Sharaɗin duka shi ne kada leda ko kwalba ko batir su shiga tun farko, domin tsince su daga baya aiki ne da ba ya ƙarewa.

Wasu sana'o'in sun riga sun san darajar ragowarsu. Mai injin niƙa yana sayar da dusa ga masu kiwo, mai matsar gyaɗa yana da ƙuliƙuli, tela yana tara ƙyallaye don cusa matashi, ƙashi da ƙaho da fata daga mayanka duk suna da masu saye. Abin da ya rage shi ne mai kayan gwari da mai abinci da mai shayi su shiga wannan sahu.

Sharar da ke kisa

Akwai kason da ƙanƙantarsa ke sa a raina shi. Batirin mota da na sola, waɗanda suka yawaita a shagunan caji da gidaje, suna ɗauke da dalma da ruwan batir mai ƙuna. Fasa su a bakin shago ko narka dalmar a cikin unguwa yana barin guba a ƙasar da yara ke wasa. Arewa ta ga abin da dalma ke yi a 2010, lokacin da gubarta, daga aikin haƙar zinariya, ta hallaka yara kimanin 400 a Zamfara. Mataccen batir a ajiye shi a tsaye, a rufe, a sayar da shi cikakke ga dilan da zai kai inda ake sarrafa shi. Baƙin man da bakanike ya juye a tara shi a jarka, kada a zuba a kwata ko a ƙasa, domin yana bin ruwa ya isa rijiya. Allura da sirinji daga kemis su shiga kwali mai kauri ko jarka mai murfi a miƙa su asibiti a ƙona tare da nata, maganin da wa'adinsa ya wuce kuma a mayar ta hannun hukuma. Mai sayar da maganin feshi yana da nauyin gaya wa manomi ya ɗauraye robar sau uku, ya juye ruwan a tankin feshi, ya huda ta. Robar maganin ƙwari da aka mayar ta man girki ko ta ruwan sha ta sha jefa iyalai cikin bala'i.

Wa ke da alhakin me

Jadawali na Huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora kwashe shara a wuyan ƙananan hukumomi, haka ma kula da kasuwanni da mayanku da tashoshin mota. A matakin jiha akwai hukumar kare muhalli ta Jigawa, JISEPA, kamar yadda Kano ke da REMASAB. A tarayya akwai NESREA, wadda aka kafa a 2007, kuma a 2020 gwamnati ta amince da manufar ƙasa kan sharar roba. Manufar ta ƙunshi ƙa'idar cewa kamfanin da ya saki kaya a leda ko gora yana da hannu a kwaso su bayan an yi amfani. Wannan ƙa'ida ba sabuwa ba ce ga mai tireda, domin haka kwalbar lemo ke aiki: an sa mata kuɗin ajiya, shi ya sa kowace kwalba ke komawa kiret. Masu gidajen ruwan leda na yankin za su iya yin makamancin haka, motar da ta kawo ruwa ta koma da buhunan ledar da aka sha, a ba wanda ya tara jakar ruwa a madadin wani adadi.

Wasu ƙasashe sun bi hanyar haramci. Ruwanda ta hana leda a 2008, Kenya ta bi sahu a 2017, Jihar Legas ta haramta farar robar zuba abinci mai kama da soso a watan Janairun 2024. Nijar ma ta yi dokar hana leda a 2014, amma ledar ba ta bar kasuwanninta ba. Doka ba ta cin nasara idan babu abin da zai maye gurbi, babu kuma mai bin sawu. A Gwiwa da maƙwabtanta abin da ya fi kusa da hannu shi ne rage yawan da ake bayarwa: leda ɗaya maimakon huɗu, ɗan ragi ga wadda ta aiko da kwanonta ko jakarta, da daina zuba abinci mai zafi a leda.

Dattawa suna tuna zamanin duba-gari, lokacin da jami'in tsafta ke leƙa randa da kwata kuma a ji maganarsa. Ma'aikatan lafiyar muhalli suna nan har yau a ƙananan hukumomi, haka ma sarkin kasuwa da sarkin fawa da shugabannin ƙungiyoyin sana'a, waɗanda maganarsu ta fi ta kowa shiga kunnen 'yan kasuwa. Ana kuma karɓar kuɗin rumfa duk ranar kasuwa. Haƙƙin mai biya ne ya ga wani kaso na wannan kuɗi ya koma kan kura da shebur da ladan masu shara. Ƙaramar hukuma ta ware fili mai shinge, nesa da gidaje da hanyar ruwa, don takin kasuwa da ragowar da ba ta da mai saye. Shugabannin kasuwa su samar da rumfar tara roba, su ƙulla ciniki da dila mai rajista. Kowane mai shago kuma ya ajiye buhu uku a bayan rumfarsa, ɗaya na mai ruɓewa, ɗaya na sikeli, ɗaya na leda, ya kuma nuna wa yaronsa abin da ke shiga kowanne kafin ya miƙa masa tsintsiya.